Faifan garmaho ya dawo, amma ba kowane sabon bugu ne abin saye ba

Duk wanda ya taɓa riƙe sabon bugu na wani tsohon faifan rok, wato kiɗan nan mai jitar lantarki da ganga, ya san 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin ledar, can sama wajen kusurwa. A nan kamfani yake zuba duk abin da zai ja hankalinka: giram 180 ne, robar ja ce ko ruwan ɗorawa, kwafi kaza kawai aka buga, an gyara sauti, bikin cika shekara 50 ne, da dai sauransu. Ni kam abu biyu nake nema a jikin takardar nan kuma sau da yawa su ne ba a rubutawa, daga ina aka ɗauko sautin, sannan wa ya yanka faifan, wato injiniyan da ya sassaƙa layin sautin. In na juya bayan kwalin sai in nemi na uku, shin masu kiɗan ko iyalansu sun san da wannan bugun, an biya su haƙƙinsu? In babu amsar ukun nan to wallahi komai kyan kwalin hankalina ba ya kwanciya.

Kasuwar ta dawo da gaske fa, ba wasa ba. A Amurka a 2022 an sayar da faya-fayan garmaho miliyan 41, sidi kuma miliyan 33, rabon da faifai ya wuce sidi a yawan kwafi tun 1987. Kuma in ka duba abin da ake saye, ban da na sababbin mawaƙa, kaso mai tsoka tsofaffin kaya ne, Led Zeppelin, Black Sabbath, Pink Floyd, Jimi Hendrix, Ramones da ire-irensu. Dalilin a fili yake, kamfani ya riga ya mallaki kiɗan, babu kuɗin situdiyo babu wahalar tallata sabon suna, masu saye kuma suna nan a shirye, ga dattijon da ya sayar da nasa wajen 1990 ya koma sidi yanzu yana so ya dawo, ga jikansa da ya fara jin waƙoƙin a waya yana son abin da zai riƙe a hannu ya juya ya karanta bayansa. Ban ga laifi a nan ba sam. Da ba don sake bugawar nan ba da yawancin abin da nake saurare ban isa in mallake shi ba, don bugun farko na wasu faya-fayan kuɗinsa ba na talaka ba ne.

Sai dai kafin mutum ya gane me ya sa bugu biyu na faifai ɗaya suke bambanta, sai ya san yadda ake yin abin. Asalin kiɗan a kan tef yake, babban tef na situdiyo da ake naɗewa a faranti, shi ne uwa. Injiniya zai ɗora tef ɗin, sautin ya bi ta na'urori zuwa wani inji mai allura mai zafi wadda take sassaƙa siririn layi guda ɗaya tal, yana zagayawa daga baki har tsakiya, a jikin farantin alminiyam da aka shafe da wani irin fenti mai laushi. Daga wannan farantin ake fitar da hatimin ƙarfe, hatimin ne ake danna wa curin roba mai zafi, faifai ya fito. To wajen sassaƙar nan ne aikin yake. Bas mai nauyi yana sa layin ya yi lanƙwasa mai faɗi ya ci wuri, kowane gefe kuma bai kamata ya wuce minti 20 da 'yan kai ba in ana son sauti mai ƙarfi, sannan can kusa da tsakiya sautin yakan ɗan dusashe saboda zagayen ya ƙanƙance. Duk wannan mutum ɗaya ne zai zauna ya yanke da kunnensa, nawa zan bar bas, nawa zan ɗaga murya, ina zan sassauta. Shi ya sa nake tambayar wa ya yanka.

Labarin da masu tara faifai ba sa gajiya da bayarwa shi ne na faifan Led Zeppelin na biyu, na Oktoban 1969. Wani matashin injiniya, Robert Ludwig, a Sterling Sound da ke New York, shi ya fara yanka na Amurka, ya sakar wa bas da ganga mara, ya yanka shi da zafi sosai. Sai ga shi ƙananan garmaho masu arha na wancan lokacin sun kasa ɗauka, allura ta yi ta tsalle, kamfanin Atlantic ya sa aka sake yankawa aka rage masa ƙarfi, aka ci gaba da buga mai sanyin. Yau in kana so ka san wanne ne a hannunka, ɗaga faifan za ka yi ka karkata shi a gaban haske, ka duba filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga wasu ƙananan haruffa da lambobi an karta su, wasu da hannu wasu da inji, in ka ga RL to na Ludwig ka samu. Tef ɗaya ne, waƙoƙi ɗaya, shekara ɗaya, amma gangar John Bonham a wannan ƙirji take duka, a wancan tana can nesa. Tun da na san labarin nan ba na sayen faifai sai na haska wurin da tocilan waya, saboda har a sababbin bugu injiniyoyin kirki suna barin haruffan sunansu a nan, BG Bernie Grundman kenan, RKS kuma Ryan Smith.

Batun giram 180 kuwa gaskiya talla ta fi yawa a ciki. Faifai mai nauyi yana da daɗin riƙewa, yana zama daram a kan faranti, amma zurfin layin da abin da ke cikinsa tun wajen sassaƙa aka gama su, nauyin roba ba ya ƙara komai. Kwanon ne ya ƙara nauyi, tuwon da ke ciki dai shi ne. Faya-fayan shekarun 1970 da yawa sirara ne, musamman bayan rikicin man fetur na 1973 da ya sa roba ta yi tsada, kuma wasunsu har gobe sun fi sababbin daɗin ji. Mai launi ma ado ne kawai. Wanda zan ce a guje shi in don saurare ake saye shi ne mai hoto a jikin robar, don yakan zo da wani shuuu a ƙarƙashin kiɗan da ba ya tafiya.

Sai maganar da ta tayar da ƙura a 2022. Akwai kamfanin Mobile Fidelity, shekara da shekaru ana ganin su ne sarakan sake bugawa, mutane suna biyan dala 100 da ɗoriya kan bugunsu na musamman bisa imanin cewa kai tsaye daga tef aka sassaƙa, kwamfuta ba ta shiga tsakani ba. A watan Yulin shekarar wani mai shagon faifai a Phoenix ya fito a YouTube ya ce ya samu labarin ba haka abin yake ba, daga baya ya je har ɗakin aikinsu a Kalifoniya, injiniyoyinsu suka tabbatar masa a gaban kyamara cewa sun daɗe suna fara kwafe tef ɗin zuwa dijital kafin su yanka. Kamfanin ya ba da haƙuri, aka kai su kotu, a 2023 aka sasanta kan abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 25. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne faya-fayan nan suna da daɗin ji ƙwarai da gaske, shekaru aka yi ana yabonsu ba wanda kunnensa ya kama komai. Ashe dijital ɗin ba shi ne laifin ba, ɓoyewar ce laifi, ka karɓi kuɗin mutum kan abin da ka san ba shi ka ba shi ba. Alherin da ya fito daga rikicin shi ne yanzu kamfanoni da dama suna rubuta hanyar da sautin ya biyo ɓaro-ɓaro, masu saye kuma sun koyi tambaya.

Kuma a yi adalci, tef ba ya dawwama. Wasu da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970, gam ɗin da ke riƙe da garin maganaɗisun yana shan laima ya yi danƙo, in ka ɗora shi a inji haka nan sai ya dinga barin jikinsa a kan ƙarfen, kiɗan yana gogewa kana kallo. Sai an gasa shi a wata irin tanda da ɗan zafi kaɗan, digiri 50 da 'yan kai, na sa'o'i masu yawa, sannan a samu ɗan lokacin da za a iya juya shi, kuma kowane juyi yana rage masa kwana. Ga kuma gobara. Ranar 1 ga Yunin 2008 wuta ta cinye wani rumbun ajiya a Universal Studios, sai a 2019 jaridar New York Times ta fito da girman ɓarnar, tef na asali dubbai sun ƙone ƙurmus. Saboda haka in kamfani ya ce min tef ɗin ya tsufa, mun kwafe shi sau ɗaya zuwa dijital mai inganci don mu daina wahalar da shi, na yarda, hasali ma na gode. Wanda ba na yarda da shi shi ne mai ɗauko sidin kasuwa ya zuba a roba mai launi ya yi gum da bakinsa.

Wajen kiɗan saikedelik, wani reshen rok na 1966 zuwa 1968, akwai wata tambayar kuma, wane haɗin sauti aka ba ka. A lokacin yawancin matasa garmaho mai lasifika ɗaya gare su, rediyo ma haka, don haka mawaƙa da furodusa a kan haɗin mono, wato na lasifika ɗaya, suke zama su ɓata lokaci, sitiriyo kuwa, na lasifika biyu, sau da yawa daga baya ake yi a gurguje, a jefa ganga hagu a jefa murya dama. Faifan Pink Floyd na farko, na Agustan 1967 zamanin jagoransu na farko Syd Barrett, sitiriyon ne ya cika kasuwa shekaru aru-aru, a 2018 aka sake buga monon, kuma in ka ji su a jere monon ya fi dunƙulewa, ya fi tura mutum. Na Hendrix na farko kuwa har jerin waƙoƙin ba ɗaya ba ne. Na Ingila da kamfanin Track ya fitar a Mayun 1967 babu Purple Haze babu Hey Joe a ciki saboda sun riga sun fita a ƙananan faya-fayai, na Amurka da Reprise ya fitar a Agusta ya saka su ya cire wasu uku har da Red House, kwalin ma daban. Duka biyun ana sake buga su yanzu, sai mai saye ya duba bayan kwali ya san wanne ya ɗauka.

Tunda na ambaci Barrett bari in faɗi abin da ke raina, kiɗan nan a tsakiyar shaye-shayen ƙwaya ya taso kuma ba na cikin masu yi wa wannan ɓangaren kwalliya. Barrett bai kai ƙarshen 1968 a ƙungiyar da ya kafa ba, Roky Erickson na 13th Floor Elevators ta Texas ya yi shekaru a asibitin masu taɓin hankali. Kiɗan ya yi kyau, mutanen sun sha wuya, kuma ɗan littafin da ake sakawa cikin bugu na kirki ya kamata ya faɗi duka biyun.

Pank kuma, wato rok ɗin nan mai gudu da zafi, a nan ne hankalina yake rabuwa biyu. Kiɗa ne na yaran da ba su da ko sisi. Ramones sun ɗauki faifansu na farko a New York a 1976 kan dala 6,400, waƙoƙi 14 cikin minti 29, kuma sai a 2014 ya cika kwafi 500,000 a Amurka, shekara 38 kenan. Yanzu ka ga irin wannan faifan cikin ƙaton akwati mai littafi da hotuna, kuɗinsa yaron da aka yi kiɗan dominsa ba zai iya biya ba, abin yana min ciwo tsakani da Allah. Ga kuma ƙaramin faifan Sex Pistols na kamfanin A&M, sun sa hannu a gaban fadar Buckingham ranar 10 ga Maris 1977, ba a yi mako ba aka sallame su, kwafi 25,000 da aka buga aka lalata kusan duka, 'yan kaɗan da suka tsira yanzu ana sayar da ɗaya sama da fam 10,000. Wanda ya biya wannan kuɗin ba zai taɓa ɗora masa allura ba, kadara ya ajiye. Shi ya sa nake ganin girman Dischord, kamfanin faifan pank ta Washington, wadda Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a 1980, har yau suna sake buga tsofaffin kayansu a kwali mai sauƙi da farashi mai sauƙi, abin da yaro zai iya tara 'yan kuɗinsa ya saya.

To duk wannan a kan manyan sunaye ne, waɗanda ko an sake buga su ko ba a sake ba ba za su ɓata ba. Faifan Black Sabbath na farko, wanda suka ɗauka cikin yini ɗaya ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, an sake buga shi ba adadi kuma za a ci gaba, balle yanzu da mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya mutu a Yulin 2025. Inda harkar nan take da daraja a wurina shi ne inda ta tono abin da ƙasa ta riga ta rufe.

Ku ɗauki ƙungiyar Death. Wasu 'yan uwa uku ne baƙar fata a Detroit, David da Bobby da Dannis Hackney, a garin kamfanin kiɗa na Motown inda ake sa ran duk baƙin yaro kiɗan soyayya mai taushi zai yi, su kuma suka rungumi jita suna kiɗa mai gudu da zafi tun kafin Ramones su fitar da komai. A 1975 suka ɗauki waƙoƙi 7 a situdiyon United Sound, aka ce za a ɗauke su amma sai sun canza sunan ƙungiyar, David babban yayansu ya ce ba zai canza ba. A 1976 suka buga ƙaramin faifai kwafi 500 da kansu, shi kenan aka manta da su. Kafin David ya mutu a 2000 ya damƙa wa ƙaninsa tef ɗin ya ce ya adana, wata rana za a zo nema. Yana nan ajiye a saman rufin ɗaki har 'ya'yan Bobby suka ci karo da waƙar suka gane muryar babansu, a 2009 kamfanin Drag City na Chicago ya fitar da faifan, shekara 34 bayan ɗaukarsa. Duk lokacin da na sa shi sai na tuna David bai ga ranar ba.

A Zambiya ma haka. A shekarun 1970 garuruwan tagulla irin Kitwe da babban birni Lusaka sun cika da samari masu jita mai ƙara, su WITCH, Amanaz, Ngozi Family, gwamnatin Kaunda kuma ta ce kashi 95 cikin 100 na kiɗan rediyo ya zama na gida, abin ya bunƙasa. Sai farashin tagulla ya faɗi, tattalin arziki ya durƙushe, cutar ƙanjamau ta zo ta kwashe mawaƙan da yawa. Jagari Chanda mawaƙin WITCH ya yi koyarwa, daga baya ya koma haƙar duwatsu masu daraja don neman abin sawa a baka. Kamfanin Now-Again na Los Angeles ya yi yarjejeniya da shi, a 2012 aka sake fitar da faya-fayan ƙungiyar, dattijon ya dawo kan dandamali yana zagaya Turai da Amurka, har sabon faifai suka yi a 2023.

Mu ma a Najeriya muna da namu, kuma yana damuna yadda mutanen waje suka fi mu saninsa. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 samari a Aba da Inugu da Legas suka ɗauki jita, su Funkees, Hykkers, Ofo the Black Company, BLO. BLO su uku ne, Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, faifansu na farko Chapter One ya fito a EMI a 1973. A kamfanin ne kuma Ofege, 'yan sakandaren St. Gregory's da ke Obalende, yara ƙanana masu kayan makaranta, suka fitar da Try and Love ƙarƙashin furodusa Odion Iruoje. Legas ɗin lokacin ba ƙaramin wuri ba ne a harkar, Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila ya zo ya zauna ya gina situdiyo a Ikeja, Paul McCartney na Beatles ya zo ya ɗauki faifan Band on the Run a situdiyon EMI a 1973. Daga baya disko ya zo, kaset ya zo, masu satar fasaha suka zo, manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu, faya-fayan suka koma ƙarƙashin gado da bayan shago. Soundway ta Ingila ce ta fitar da Nigeria Rock Special a 2008 da The World Ends a 2010, sannan Now-Again ta fitar da Wake Up You a 2016 tare da rubutun ɗan Najeriya Uchenna Ikonne wanda ya yi shekaru yana bin mawaƙan gari-gari. In ka saurara da kyau za ka ji jitar tana ɓurari irin na Hendrix amma gangar tafiyar gida take yi, bas ɗin ma rawa yake, ba kwaikwayo kawai yaran nan suka yi ba, sun ɗauki abin sun mayar da shi nasu. Kuma yara ne da suka fito daga yaƙi, wasunsu a gaban sojoji suka riƙa wasa don su samu abinci da kayan kiɗa, wannan yana cikin sautin.

A nan ne tambayata ta uku take da nauyi. Akwai bugu na sata da yawa a kasuwa, musamman na saikedelik ɗin da ba a san shi sosai ba da na Afirka. Ba shi da wuyar ganewa, kwalin hoton tsohon kwali aka ɗauka har da tabon zoben faifan da tsagewar kusurwa suna fitowa a hoton, rubutun ya yi dishi-dishi, babu adireshin kamfani, babu layin da ya ce da izinin wane aka buga. Mawaƙin yana can ya tsufa ba shi da kuɗin magani, ko ya mutu ya bar iyali, wani yana can wata ƙasa yana cin guminsa. Wannan cin haƙƙi ne ko da sautin ya yi daɗi, kuma ni ba na saye. Shafin Discogs yana taimakawa sosai, in ka sa lambar da ke jikin faifan zai nuna maka wane bugu ne, wace shekara, kuma sukan rubuta in ba na izini ba ne.

Akwai ma wanda ya fi kusa da mu. Mdou Moctar, Buzun Nijar ɗin nan mai kaɗa jita da hagu wanda yanzu ake sa shi a sahun manyan masu rok na duniya, faifansa na farko Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ba komai, ta memori da bulutut waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya har Mali. Mai kamfanin Sahel Sounds na Portland ya ji, ya yi ta cigiya har ya same shi, a 2014 aka buga Anar a faifan garmaho da sunansa a jiki da saninsa, a 2021 kuma Matador ta fitar masa da Afrique Victime. Hanyar da ta dace kenan, a nemo mai abu a zauna da shi.

Ga wanda yake son shiga harkar daga nan wajenmu, kuɗin aikowa da na kwastan sukan kusa kai kuɗin faifan kansa, don haka kar a yi gaggawa, a bincika bugun tukuna, in da hali a haɗa kai da wani mai dawowa daga tafiya. Babban abokin gaba kuma zafi ne. Faifan da aka bari a mota ko kusa da taga a watan Afrilu a Kano ko Yamai zai lanƙwashe kafin la'asar kuma da wuya ya miƙe. A tsaye ake jera su, ba a jibge su wani kan wani. Ƙurar hunturu tana shiga layin ta zama ƙas-ƙas ɗin nan da ake ji, maganinta tataccen ruwa irin na kemis da ƙyalle mai laushi, a bi layin a zagaye, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, kuma don Allah ban da kananzir ban da sabulun gari. Al'adar ɗora kwabo a kan hannun allura don kar ta yi tsalle ita ma cinye faifai take yi.

Sannan roƙona ga masu tsofaffin akwatuna a gida. Da yawa daga cikin faya-fayan Afirka da aka sake bugawa ba daga tef aka ɗauko su ba don tef ɗin ya ɓata, kwafi mafi tsafta da ya rage a hannun wani shi aka wanke aka kwafa aka gyara. To faifan Shata ko na Ɗan Maraya Jos ko na wata ƙungiyar Legas da ke cikin adakar Baba ko a bayan tsohuwar rediyogiram yana iya zama irin wannan kwafin. Kar a ba 'yan jari-bola, kar a ba yara su yi ta wurgi da shi. In masu kauri ne masu nauyi masu fashewa, na gudu 78, su ba roba ba ne, sifirit narkar da su yake yi, busasshen burushi mai laushi kawai suke so. A fito da su daga inda laima take, a sa kowanne a takardarsa ko da sabuwa ce aka yanka masa, a ɗauki hoton takardar tsakiyar gaba da baya yadda sunan kamfani da lambar za su fito sosai, a jera su a tsaye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.